"Inna, Cikina Ke Ciwo": Ƙorafin Da Ake Yanke Wa Hukunci Kafin A Saurara



 Yau mun ɗan jingine batun ƙa'idojin rubutu da dabarun buɗe labari, mun ɗauko magana daga tsakar gida. Ku yi haƙuri ku biyo mu, kafin mu kai ƙarshe za ta dawo kan alƙalami.

Daga Funtua zuwa Malumfashi, ko ka miƙe ta Bakori ko ka ratsa ta Danja da Kafur, da wuya gari ya waye a wata unguwa ba a ji yaro ɗan shekara shida zuwa goma ya dafe cibiya ya ce, "Inna, cikina ke ciwo" ba. Amsoshin da ake ba shi kuwa an daɗe da haddace su. Uba ya ce ƙarya ce, boko ne ba ya so. Kaka ta ce shawara ce, a jiƙa masa jar kanwa. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce tsutsa ce. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a fara raɗe-raɗin ko wani ya ba shi abu a hanya. Daga ƙarshe a aiki yayarsa kyamis ta karɓo Flagyl ƙwaya huɗu. Ciwon ya lafa, kowa ya ce maganinsa ne ya ci. Bayan mako guda yaron ya sake dafe cibiya.

Ra'ayinmu shi ne: ciwon cikin da ke zuwa yana komawa a jikin ɗan makaranta yana da lokacin zuwa, yana da wurin zama, yana kuma da abin da ke tayar da shi. Abin da ke cutar da yaranmu shi ne saurin raɗa wa ciwon suna kafin a tambayi mai shi. Tambaya da lura da rubutawa kuwa su ne kayan aikin marubuci, don haka muke ganin akwai kasonmu a cikin wannan magana.

BA A KANMU AKA FARA BA

A shekarar 1958 wasu likitoci biyu a birnin Bristol na Ingila, John Apley da Nora Naish, suka wallafa binciken da suka yi a kan 'yan makaranta dubu ɗaya. Sun samu kusan ɗaya cikin kowane yara goma yana fama da ciwon ciki mai dawowa. Ma'aunin da suka yi amfani da shi har yau ana tunawa da shi: ciwon ya zo aƙalla sau uku cikin wata uku ko fiye, kuma ya yi ƙarfin da zai hana yaro harkokinsa. Apley ya kuma lura cewa a mafi yawan waɗannan yara, duk awon da aka yi ba a ga wata cuta a hanji ko tumbi ba, alhali ciwon na gaske ne, yaron ba kirsa yake yi ba. Ya bar wa likitoci wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: iya nisan ciwon daga cibiya, iya ƙaruwar zaton akwai cutar da ya kamata a nemo.

Sai dai Bristol ba Funtua ba ce. Yaron can yana shan ruwan famfo mai tsafta, ba ya wanka a kududdufi, ba ya cin masarar da ta kwana wata takwas a rumbu. Idan aka ce yawancin ciwon cikin yaran Ingila ba shi da cuta a bayansa, ba za mu kwaso wannan hukunci mu jibge a kan ɗan Kafur ba. Namu yana buƙatar namu binciken.

Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne an taɓa yin irin wannan bincike a ƙasarmu. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun kafa wani shiri na binciken cututtukan da suka zaunu a yankin Malumfashi. Sun ƙidaya mutane gida-gida, sun auna yara, sun zauna bakin dam ɗin Ruwan Sanyi suna rubuta wa ke shiga ruwa, ƙarfe nawa, me ya kai shi, don su gane yadda tsargiya ke yaɗuwa. A shekarar 1981 likita Andrew Tomkins ya wallafa a mujallar Lancet abin da ya gani a ƙauyukan wannan yanki, cewa gudawa ta fi daɗewa a jikin yaran da suka rame. Masana kiwon lafiya a ƙasashe da dama sun karanta wannan sakamako da Turanci. Jikokin mutanen da aka auna kuwa, nawa ne suka taɓa jin labarinsa da Hausa?

A wannan shekara ta 1981 ne kuma Murray Last, baturen nan da ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya fitar da wata makala a kan muhimmancin sanin rashin sani. Abin da ya lura da shi shi ne sau da yawa marar lafiya da danginsa ba su san musabbabin ciwo ba, ba su kuma matsa sai sun sani ba. A gwada wannan magani, in bai yi ba a koma wancan. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, amma wanda ya tsaya kusa da mai tallar maganin basir da lasifika ranar kasuwa zai shaida maganar ba ta tsufa ba.

ABUBUWAN DA KE ƁOYE A BAYAN KALMA ƊAYA

Mu fara da mafi sauƙi, wanda aka fi jin kunyar faɗa: yunwa. Yaron da ya fita ƙarfe bakwai da rabi bai samu ko ɗumame ba, ba kuɗin tara a aljihunsa, kafin ƙarfe goma cikinsa zai yi zafi. Shi bai iya cewa "yunwa ce ke murɗa mini ciki" a gaban aji ba, sai ya ce ciwo. A yankin da ke cika tireloli da masara wannan abin takaici ne, amma kowa ya san yadda gidaje ke kasancewa a marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, wanda ya fara da naira 70 kan kowane yaro ɗan aji ɗaya zuwa uku, ya yi ta tafiyar hawainiya har aka dakatar da shi a farkon 2024. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF kuwa ta ce yara 652 suka rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina a watanni shidan farko na 2025. Kafin a tambayi yaro me ya ci, a fara tambayarsa ko ya ci.

Na biyu, masai. Likitocin yara a ko'ina sun san taurin bayan gida yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon ciki mai dawowa. Ku je ku duba masan makarantar da ke kusa da ku, in akwai. Yarinya 'yar shekara takwas da ta ga ba ƙofa, ba ruwa, ga yara maza suna wasa a kusa, za ta matse har a tashi. Daga boko ta wuce Islamiyya, ta sake matsewa. Ta kuma rage shan ruwa don kada fitsari ya dame ta. Bayan 'yan makonni ciki ya cushe, ya dinga ƙullewa. Babu jiƙon da zai warkar da wannan matuƙar masan yana nan yadda yake.

Na uku, ruwa da ƙasa. Maƙwabciyar da ta ce tsutsa ce ba kullum take kuskure ba. Tsutsar ciki tana shiga ta hannu marar wanki, ta ganyen da ba a wanke ba, wata ma ta tafin ƙafar da ba takalmi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa 'yan makaranta maganin tsutsa sau ɗaya ko biyu a shekara a wuraren da abin ya yi yawa. Tsargiya kuwa daga katantanwar ruwan da ba ya gudu take fitowa, ta huda fatar yaro mai iyo, daga baya a ga jini a ƙarshen fitsarinsa, marar tana masa ciwo. Tana da maganinta na musamman a asibiti, maganin tsutsa na kyamis ba ya taɓa ta. A haɗa da ƙanƙara da zoɓon da ake sayarwa bakin makaranta: wa ya san ruwan da aka haɗa su da shi?

ABINCIN WANI GUBAR WANI

A nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne aka fi samun ruɗani. Abubuwa biyu ne mabambanta ake cakuɗawa idan aka ce "abincin nan ba ya karɓar sa".

Na farko shi ne ciki ya kasa narkar da wani abu. Misalin da ya fi kusa da mu madara ce. Kusan kowane jariri ana haifarsa da wani sinadari a hanji mai narkar da sukarin da ke cikin madara. A jikin mafi yawan mutanen duniya wannan sinadari yana raguwa bayan yaye, alamun kuma sukan fara bayyana daidai shekarun shiga makaranta. A shekarar 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, tare da abokan aikinsu suka wallafa gwajin da suka yi a Najeriya. Sun samu yawancin Fulani makiyaya suna narkar da sukarin madara har girmansu, Yarabawa da Ibo kusan duk ba sa iyawa, Hausawa kuma mafi yawansu ba sa iyawa. To ku duba ƙasarmu, inda Bahaushe da Bafillace suka daɗe da auratayya: a ɗaki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wa ya sha shayi da madarar gari ya tafi makaranta garau, ƙane ya sha cikinsa ya kumbura ya yi ta ƙugi har da zawo. Sai a ce ƙanen raki gare shi. Wani abin lura, nono da kindirmo da suka yi tsami sukarin nan ya ragu a cikinsu, shi ya sa yaron da madarar gwangwani ke wahalarwa kan sha fura da nono lafiya lau. Kakanninmu da suka zaɓi su bar madara ta kwana kafin a sha, ko ba su san sunan sinadarin ba, sun san abin da ciki ke so.

Wake ma haka. Yana da wani nau'in sukari da hanjinmu ba ya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar da ke babban hanji su yi kansa su fitar da iska. Yaron da ya karya da ƙosai, ya ci awara a tara, ya dawo ya tarar da ɗanwake, ba mamaki in ya kwana da kumburi. Jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi luguf, yana rage wannan. Ba sai an haramta masa wake ba, domin shi ne naman talaka.

Na biyu ya fi haɗari, shi ne garkuwar jiki ta ɗauki wani abinci a matsayin abokin gaba. Gyaɗa da ƙwai da madara da kifi da riɗi da waken suya da alkama su ne aka fi sani da haka. Alamarsa takan zo da sauri, daga 'yan mintuna zuwa awa biyu bayan cin abin: borin jini, kumburin leɓe ko fatar ido, amai, murɗar ciki, wani lokaci numfashi ya sarƙe. Wannan na ƙarshen yana iya kisa, kuma ɗan kaɗan ya isa. Ɓarin ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin tsire ma kan tayar da shi. Yaron da aka ga haka a jikinsa asibiti za a nufa da shi nan take, malamin ajinsu da mai dafa abincin makaranta kuma dole su sani. Muna ganin duk ranar da aka dawo da ciyar da ɗalibai, ya kamata tambayar "akwai abin da ba ya ci?" ta shiga rajistar kowane yaro.

Ga kuma jan kunne. Kada tsoron wannan ya sa a kwashe wa yaro rabin abincinsa. A al'ummar da har yanzu wasu ke hana yara ƙwai wai kada su yi sata, a kuma jihar da tamowa ke kisa, hana abinci barkatai wata cutar ce. Idan ana zargin madara ko wake da kumbura ciki, a cire abu ɗaya tak na mako biyu, a lura, sannan a dawo da shi a gani ko ciwon zai dawo. Abin da ya taɓa kumbura leɓe ko ya sarƙe numfashi kuwa, ba a gwada shi a gida ko kusa.

ABIN DA KE CIKIN RUMBU

Tun da Bankin Duniya ya ɗauki nauyin shirin raya aikin gona na Funtua a 1975, aka shigo da taki da sabon iri, masara ta zama sarauniyar gonakinmu da tukwanenmu. Alheri ne babba, amma ya zo da nasa sharaɗin. Masara da gyaɗar da ba su bushe sosai ba, ko aka shanya su a ƙasa, suna yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin wadda dahuwa ba ta kashewa. In ta yi yawa lokaci guda tana kawo amai da ciwon ciki da shawara mai sa ido ya yi ɗorawa. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu ta dalilin irin wannan masara. In kuwa kaɗan-kaɗan ake ci, ba lallai yaro ya yi ƙorafi ba, sai dai a ga ya tsumbure, hanta kuma tana cutuwa a ɓoye. Kowa ya san abin da ake yi a gidaje da yawa: a zaɓe mai kyau a kai kasuwar Dandume, tsintar da ta rage a niƙa a dama wa yara koko. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage wannan guba, amma ko shanya a kan tamfol da tsince ƙwayoyin da suka canza launi a zubar, babban rigakafi ne.

Sai maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan zuba irin wannan magani a cikin abinci. Turawa sun ce ba za su ci ba, to wa ya cinye? Murɗar ciki da amai da zawo da dalalar miyau suna cikin alamun wannan guba, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin jin ta. Akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da ko ɗigon magani ba. Idan yara biyu ko uku a gida ɗaya suka kama ciki rana ɗaya, tambayar farko ita ce: yaushe aka buɗe sabon buhu?

Abubuwa biyu kuma a taƙaice. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kuma ciwon sikila yakan tashi a ciki kamar yadda yake tashi a ƙashi. Yaron da ciwon ciki ke yawan kamawa, ga fari-fat a tafin hannu, ga ido yana sauya launi, a gwada jininsa. Sannan gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, ita ma ciwon ciki yana cikin alamunta. Zamfara maƙwabciyarmu ce, matasanmu na zuwa haƙar ma'adinai suna dawowa da ƙurar a tufafinsu.

CIKI BA DON TUWO KAƊAI AKA YI SHI BA

Harshenmu ya riga likitoci sanin cewa tsoro a ciki yake sauka. Mu ne muke cewa "cikinsa ya ɗuri ruwa", muke cewa "hantar cikinta ta kaɗa". Yau masana sun tabbatar akwai jijiyoyi masu yawa da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji, damuwa kuma tana iya zama ciwo na zahiri. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙannensu da ke firamare a lokacin sun ji komai. Yaran Faskari da Sabuwa da Dandume da suka kwana a gona ko suka yi gudun hijira zuwa cikin Funtua sun ga abin da babba ma ba ya iya ɗauka. Irin wannan yaro in ƙarar babur ta sa cikinsa ya murɗa, ƙarya ya yi?

Ba sai ma ta kai ga bindiga ba. Bulalar wani malami, ko wani ƙaton ɗan aji da ke ƙwace kuɗin tara, ko haddar da aka ce gobe za a karɓa, kowanne ya isa. Uban da ya ce "boko ne ba ya so" ya kusa da gaskiya, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Tambayar da ta rage ita ce: me ke can da ba ya so? In ciwon na zuwa safiyar Litinin ya ɓace Asabar, a leƙa makarantar boko. In yana hutawa Alhamis da Juma'a, a leƙa ta allo.

MASU JA DA WANNAN MAGANA

Wani zai ce, "Malam, wannan aikin likita ne, mu labarin soyayya muka zo koyo." Wani kuma ya ce talakan da bai da kuɗin mota zuwa babban asibiti, me lissafin cututtuka zai ƙara masa ban da fargaba? Wata ta ce iyayenmu sun raine mu da kanwa da citta da saɓara, ga mu nan da ranmu.

Duk akwai ƙamshin gaskiya. Ba mu ce marubuci ya zama likita ba, kuma haramun ne a gare mu mu rubuta wa mutane magani. Ba mu kuma raina hikimar iyaye mata ba. Uwa ce ta fi kowa sanin ranar da ɗanta ya ƙi tuwo. Amma waɗanda kanwa ba ta yi wa aiki ba ba sa nan balle su ba da shaida. Batun talauci kuwa, shi ne ma hujjarmu. Wanda kuɗinsa kaɗan ne shi ya fi buƙatar ya san wane ciwo ne zai iya jira, wanne ne kuma ko da bashi a tafi yau. Kuɗin da ake zubarwa a kyamis sau goma, da ƙarin ruwan "taifot" da ake yi bisa gwajin Widal, gwajin da kan nuna cutar a jikin wanda ba ya da ita, sun fi kuɗin zuwa asibiti sau ɗaya da cikakken bayani a hannu.

Ga alamun da ba a jira da su: ciwon da ke tayar da yaro daga barci, rama ko tsayawar girma, jini a bayan gida ko fitsari, amai mai launin kore ko wanda ya ƙi tsayawa, zazzaɓin da ya daɗe, ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura ya yi tauri, ciwon da ya taso daga cibiya ya koma ƙasan dama ya kafe, ko yaro namiji ya ce 'ya'yan marainansa ke ciwo. Kowanne daga ciki, asibiti.

INA ALƘALAMI YA SHIGO?

Ku tuna labaran da ake ɗorawa a shafukan sada zumunta. Cuta nawa ce a cikinsu? Jaruma ta yanke jiki ta faɗi, likita ya cire tabarau ya ce zuciyarta ta kumbura saboda damuwa. Alhaji ya samu hawan jini. Kishiya ta yi asiri. Yaro kuwa in ya yi rashin lafiya, yawanci don a tona asirin matar uba ne. Mai karatu da ya sha irin wannan sau ɗari, ranar da ɗansa ya dafe ciki, wa kuke jin zai fara zargi? Labari yana koya wa mutane inda za su kai ido. Gidaje nawa zato ya raba, alhali mai laifin yana cikin buhun wake ko gwangwanin madara?

Muna da aiki uku. Na farko, taskace kalmomi. "Ciwon ciki" jakar magori ce. Hausa tana da murɗawa da ƙullewa da suka da kumburi da ƙugi da ƙwarnafi da tashin zuciya da zawo da atini, kowanne da abin da yake nunawa. Ma'aikacin lafiya da aka ce masa "yana murɗa masa kafin ya zaga, in ya zaga sai ya lafa" ya samu rabin amsa. Ku tambayi tsofaffin unguwarku, za ku samo wasu kalmomin da ba mu kawo ba, ku rubuto su.

Na biyu, koya wa gida riƙe littafi. Ɗan littafin rubutu mai arha ya isa. Duk ranar da ciwon ya zo a rubuta kwanan wata, lokaci, abin da yaron ya ci a gida da abin da ya saya a tara, inda ya nuna da yatsa, yadda bayan gidansa yake, da abin da ya faru a makaranta. Uwar da ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, ko yayar yaron ta rubuta mata. Mako biyu zuwa huɗu sun isa a fara ganin zaren. Abin da masu binciken nan suka yi ke nan a bakin dam ɗin Ruwan Sanyi: zama da kallo da rubutawa. Wanda ya iya bin jarumar labarinsa daga shafi na ɗaya zuwa na ɗari uku, ba zai gaza bin cikin ƙanensa na wata guda ba.

Na uku, rubuta yaro a matsayin mutum mai bakin magana. A ba shi dama ya faɗi inda ke masa ciwo da irin kalmominsa, a kuma sa wani babba a labarin ya durƙusa ya saurare shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ko da kuwa shekararsa bakwai.

AIKIN WANNAN MAKO

Kowa ya rubuto gajeren labari da bai wuce kalma 700 ba. Yaro ko yarinya 'yar firamare a wani gari na ƙasar Funtua ko Malumfashi, ciwon ciki yana zuwa yana komawa, mutanen gida kowa da nasa fassarar. Sharaɗi biyu ne: a gano musabbabin ta hanyar lura da tambaya, kuma duk bayanin lafiyar da za ku sa ku tabbatar da shi daga bakin ma'aikacin lafiya kafin ku rubuta. Kada a sa sunan yaro na gaske ko makaranta ta gaske. Ma'aikatan jinya da malaman firamare da ke cikinmu, muna roƙon ku duba labaran ku nuna mana inda suka kauce wa zahiri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.